Darasi na 12: Fatar Mace a Lokacin Kemo

Matan da ke barin maganin sankara a tsakiya suna da dalilai iri-iri. Rashin kuɗi ne kan gaba, sai nisan asibiti. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗarsa a gaban likita ba. Mace ta karɓi ƙarin ruwan kemo sau ɗaya ko biyu, gashin kai ya fara zuba, tafin hannu ya yi baƙi, farce ya rine, sai 'yan dubiya su fara ƙus-ƙus a tsakar gida cewa maganin nan ya fi ciwon illa. Kafin ranar komawa ta zagayo an riga an yanke shawara, an ce a gwada na gida. Ɗan raɗaɗi kuwa a bayan hannu inda aka sa allura, ko zazzaɓi a kwana na goma, ba mai ɗaukarsu a bakin komai, alhali su ne masu iya lalata hannu ko cin rai.

Aikinmu a wannan darasi shi ne rabe waɗannan biyun: abin da ke firgita ido amma yana wucewa, da abin da ke zuwa shiru amma ba ya jiran gobe. Yawancinmu a aji ba za mu taɓa shan kemo ba, da yardar Allah. Sai dai da wuya a rasa wadda wata rana za ta kwana a gefen gadon uwa, ko ya, ko maƙwabciya, kuma mai jinya ce ke fara ganin fata kafin likita.

Ciwon da magungunansa

Sankarar da ke kama sassan haihuwa na mace kala-kala ce. Wadda ta fi yawa a ƙasashenmu ita ce ta bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV da ke haddasa ta. Akwai ta cikin mahaifa, wadda ta fi samun matan da suka daina al'ada. Akwai ta ma'ajiyar ƙwai, mai ɓoye kanta har sai ciki ya kumbura da ruwa. Akwai kuma wadda ke tsirowa daga ƙwayoyin mabiyiya, galibi bayan cikin da bai zama ɗa ba, ko bayan ɓari.

Kowacce da maganinta, kowane magani kuma da irin abin da yake yi wa fata. Ta bakin mahaifa, idan ta wuce a yi mata tiyata, ana gasa ta da na'ura kusan mako biyar, tare da sisfilatin sau ɗaya a mako. Tun 1999 aka tabbatar da cewa haɗa biyun ya fi gashin na'ura kaɗai ceton rai. Ta ma'ajiyar ƙwai da ta cikin mahaifa ana ba su kabofilatin da fakilitaksel, duk bayan mako uku, yawanci zagaye shida. In ciwon ya dawo, akan koma ga jemsitabin, ko wani jan ruwa mai suna dokzorubisin da aka naɗe cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, wanda ake sayarwa da sunan Caelyx ko Doxil. Ta mabiyiya ana yaƙarta da metotireksat ko aktinomaisin. Wannan ita ce sankara mai ƙullutu ta farko da aka warkar da magani kaɗai bayan ta bazu a jiki, a Amurka cikin 1956, kuma a yau mafi yawan masu ita suna warkewa sarai har su sake haihuwa. 'Yan mata masu wani nau'in sankarar ma'ajiyar ƙwai ana ba su haɗin da ya ƙunshi biliyomaisin, su ma galibinsu suna warkewa.

Sunayen suna da nauyin baki, kuma ba dole ne a haddace su ba. Abin da ya wajaba shi ne mai jinya ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata sunan kowane magani da ranar da aka ba da shi, ta ajiye takardar a jakarta. Ana ba da kemo a manyan asibitoci irin na Shika da ke Zariya, na Malam Aminu Kano, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Asibitin Ƙasa na Abuja, ko cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Sau da yawa mace takan yi wuni ɗaya a can, ta yi mako uku a gida. Kusan duk abin da zai faru da fatarta a gida zai faru, kuma ma'aikacin ƙaramin asibitin garinsu ba zai san me aka ba ta ba sai ya ga wannan takarda.

Me ya haɗa kemo da fata?

Ƙwayoyin sankara suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, ba tsayawa. An ƙera magungunan kemo ne su kashe ƙwaya a daidai lokacin da take wannan rabuwar. To, a jikin mai lafiya ma akwai wuraren da ƙwayoyi ke rabuwa da sauri. Saman fata yana sabunta kansa duk bayan kusan mako huɗu. Cikin baki ya fi haka sauri. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin kai yana cikin tsiro. Farce yana fita kullum, ɓargo kuma yana ƙera jini ba dare ba rana. Maganin yana bin jini ya isa duk waɗannan wurare. Bambancin shi ne ƙwayoyin jiki masu lafiya sun fi na sankara iya gyara kansu, shi ya sa ake ba da tazara tsakanin zagaye da zagaye.

Daga nan za a gane abu biyu. Canjin fata ba ya nuna cewa ciwon ya bazu, kuma ba a ɗaukarsa. Ana cin abinci kwano ɗaya da mai shan kemo, ana kwana ɗaki ɗaya, jikokinta su hau cinyarta.

Gashin kai

Fakilitaksel yana zubar da gashin kusan duk wadda aka ba. Zubar takan fara mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, wani lokaci fatar kai ta riga yin tsami. Gira da gashin ido da na sauran jiki suna iya bi. Sisfilatin na mako-mako kuwa da wuya ya aske mace, sai dai gashin ya rage cika. Wannan kaɗai ya isa nuna amfanin sanin sunan magani: mata biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya kanta ya zama tal, ɗayar tana nan da kitsonta, ba don ciwon ɗaya ya fi tsanani ba.

Gashin yana dawowa. Makonni kaɗan bayan zagayen ƙarshe sai a ga laushi-laushi ya fito, cikin wata uku zuwa shida ya rufe kai, yana ƙaruwa kusan santimita ɗaya a wata. Yakan dawo da wani laushi ko wani launi dabam kafin ya koma yadda yake. 'Yan kaɗan, musamman cikin waɗanda aka ba wani maganin kemo mai suna dositaksel, gashinsu ba ya komawa cikarsa ta da.

Kafin zubar ta fara, gara a tsefe kitso a rage gashin da almakashi. Ƙananan kitso masu ja, da ƙarin gashi, da man miƙar da gashi, da rini, duk a dakata da su har sai sabon gashi ya yi ƙwari, kusan wata shida bayan an gama. In za a aske, a yi da injin aski mai tsabta, ban da reza, saboda yanka. A nan matanmu suna da sauƙin da wasu ba su da shi, tunda ɗankwali da hijabi sun riga sun rufe kai. Amma kada a ce don an rufe ba ya ciwo a rai. Mace tana kallon kanta a madubi, kuma tana da miji. Shi ya kamata a fara sanar da shi tun kafin gashin ya zube, a gaya masa wata nawa zai ɗauka.

Baƙi, bushewa da farce

Yawancin takardun da ke zuwa cikin kwalin magani an rubuta su ne da farar fata a zuci. Suna cewa a lura da "ja". A fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wuri ya ƙara duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya yi sheƙi, in an taɓa a ji ya fi gefensa zafi ko tauri. Saboda haka mai jinya ta riƙa dubawa da hannu, ba da ido kaɗai ba, kuma a hasken rana.

Baƙin da kemo ke kawowa ya fi fitowa a tafin hannu, tafin ƙafa, gaɓoɓin yatsu, fuska, wani lokaci har harshe da dasashi. Jijiyar da aka sa ruwa takan yi baƙin layi ta hau hannu. Biliyomaisin yana da nasa tambarin: zane-zane a baya ko ƙirji masu kama da shatar bulala, daidai inda aka sosa. Dangin da ba su sani ba sukan ce aikin iska ne ko sammu. Duk wannan baƙi ba ya cutarwa, kuma yana dusashewa cikin watanni bayan an gama magani, ko da yake wani yakan daɗe. Rana tana ƙara shi, wasu magungunan kamar metotireksat kuma suna sa fata ta ƙone da rana fiye da da. A rage fita da tsakar rana, a rufe hannu da ƙafa, wadda ke da hali ta shafa man kare rana mai lamba 30 ko fiye.

Babban kuskure a nan shi ne a garzaya a sayo man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata su raunana garkuwarta, wasu har da makuri mai lalata ƙoda, ƙodar da sisfilatin ya riga ya ɗora wa nauyi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu ga masu lafiya ma. Matar da ta daɗe tana shafa su ta gaya wa likita gaskiya tun ranar farko, domin dainawa farat ɗaya kan sa fuska ta yi bore, a ɗauka kemo ne.

Bushewa da ƙaiƙayi su ne suka fi yawa, kuma in aka haɗa kemo da hunturu abin ya zama biyu. Maganinsu mai arha ne. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kuma kada a daɗe. Sabulu marar ƙamshi mai laushi. A ajiye sabulun salo da masu kashe ƙwayoyin cuta da soso mai kaushi. A tsane jiki da tawul ba tare da gogawa ba, sannan a shafa mai tun fata tana da danshi. Man kaɗe mai tsabta da basilin sun wadatar. Bayan kowace alwala a sake shafa wa hannu da ƙafa, a tsane tsakanin yatsun ƙafa. Ba kwalliya ake yi da wannan ba: duk tsagar da ta buɗe a fata hanya ce ta ƙwayar cuta, a jikin da sojojinsa suka ragu.

Farce yakan yi baƙin layi, ya yi saurin karyewa, ko ya yi kwarmi a kwance, layi ɗaya ga kowane zagaye, har a iya ƙirga zagayen da mace ta sha a farcenta. Fakilitaksel da dositaksel sukan ɗaga farce daga nama. A yanke shi gajere, a sa safar roba wajen wanki da wanke-wanke, a nisanci omo da ruwan bilic. Farcen hannu yana sauyawa duka cikin kusan wata shida, na ƙafa shekara ko fiye. In gefensa ya kumbura, ko ya yi mugunya ko wari, sai asibiti.

Tafin hannu da tafin ƙafa

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi hana mace aiki, kuma shi ne ya fi jin rigakafi. Caelyx ne ya fi kawo shi cikin magungunan da muka ambata, galibi bayan zagaye na biyu ko na uku. Maganin yana taruwa a ƙananan jijiyoyin tafi, wani yana fitowa ta gumi. Zafi, goga da dannawa suna ƙara yawan wanda ke taruwa.

Yana farawa da minjirya ko jin ƙuna a tafi. Sai wurin ya yi duhu, ya kumbura, ya yi kauri. In ba a kula ba ya yi bororo, ya tsage, ya saɓe, har mace ta kasa riƙe cokali ko taka ƙasa. Yana fitowa kuma duk inda fata ke gugar fata ko tufa: hammata, ƙarƙashin nono, matse-matsi, da ƙugu inda ake ɗaura zani.

Yanzu a duba wunin mace a gidajenmu: daka, surfe, tuƙin tuwo a kan wuta, matse wanki, jan guga, tafiya kasuwa da silifas ɗin roba a kan ƙasa mai zafi. Babu ɗaya a ciki da ba zafi ko goga ba. Daga ranar ƙarin ruwa zuwa kusan mako guda, dole wasu su ɗauke mata waɗannan. Wanda ya ga tana zaune ya ce son jiki ne, bai san abin da ake gudu ba. Ta riƙa tsoma hannu da ƙafa a ruwan randa mai sanyi, ta sa takalmi mai laushi mai faɗi, ta sassauta ɗaurin zani, ta zaɓi tufafin auduga marasa matsewa. Kada a goge kaushi da dutse, kada a fasa bororo.

Idan abin ya kai ga ciwo, maganinsa na gaskiya yana hannun likita: ya jinkirta zagaye na gaba ko ya rage yawan maganin har tafin ya warke. Wasu matan suna ɓoye hannu cikin hijabi don kada a ɗage musu rana bayan sun tara kuɗin mota da na magani da ƙyar. Ana gane dalilinsu, amma lissafin ba ya fita. Jinkirin mako ɗaya ko biyu ya fi sauƙi a kan miki da zai tsayar da magani gaba ɗaya.

Fakilitaksel da sisfilatin kuma suna taɓa jijiyoyin ji, yatsu su daina jin zafi yadda ya kamata. Mace tana iya ƙonewa da ruwan wanka, ko garwashin kasko a hunturu, ba ta sani ba. A gwada ruwa da gwiwar hannu, a duba tafin ƙafa kowane dare.

Inda na'ura ke gasawa

Mai sankarar bakin mahaifa fatarta ta ƙasa ce ke shan wahala: mara, matse-matsi, gaba da tsakanin ɗuwawu. Daga mako na biyu ko na uku wurin zai yi duhu, ya yi ƙaiƙayi, ya bushe, wani lokaci ya saluɓe yana ruwa. Abin yakan kai ƙarshen tsananinsa mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama gashin, lokacin da mace ta riga ta koma gida tana zaton an wuce wurin. Bayan haka sai ya fara warkewa.

A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da hannu, a tsane a hankali. Kada a goge alamar da ma'aikata suka zana a fata, da ita suke saita na'ura. Ban da ruwan zafi, ban da sa gishiri ko alif ko bagaruwa, ban da hoda da turare, ban da aski. Duk man da za a shafa a nuna wa ma'aikatan tukuna. Kunya ce babbar matsala a nan. Mace ta gwammace ta yi ta cije baki da ta buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tana da damar ta ce mace take so ta duba ta, ko 'yar'uwarta ta tsaya a gefe.

Watanni bayan haka, in aka ba ta jemsitabin ko dokzorubisin, wurin da aka taɓa gasawa yana iya sake yin duhu da zafi. A kai wa likita labari.

Waɗanda ba sa jiran gobe

Na farko yana faruwa ne a kan gadon ƙarin ruwa. Wasu magunguna, irin aktinomaisin, binkiristin da dokzorubisin, idan suka zurare daga jijiya suka shiga nama suna cin sa. Ranar ba za a ga komai ba sai ɗan kumburi. Bayan kwanaki ko makonni wurin ya zama gyambo, wani har sai an yi dashen fata. Ɗalibai biyu su karanta wannan hira:

— Sannu Hajiya, ya jikin?
— Da sauƙi 'yata, alhamdu lillahi.
— Na ga kina ta shafa bayan hannun nan. Zafi yake yi miki?
— Ɗan raɗaɗi ne, ba komai. Na ga aiki ya yi miki yawa, ban so in dame ki ba.
— Haba Hajiya, ai don wannan nake nan. Tun yaushe?
— Tun da kika rataya jan ruwan nan.
— To na tsayar da shi. Kada ki murza wurin, kada kuma ki taɓa allurar, zan zuƙe abin da ya zuba ta cikinta. Yaya, don Allah riƙe mata hannun a sama, bari in kira likita.

Haƙurin Hajiya halin kirki ne a ko'ina ban da nan. Duk minti ɗaya da ta yi shiru, ƙarin magani ne ke shiga nama. Abin da za a ɗora a wurin, sanyi ko ɗumi, ya danganta da irin maganin, saboda haka ma'aikata ne ke faɗa. In an koma gida wurin ya ci gaba da ciwo, ko ya yi tauri, ko ya yi bororo, a dawo, kada a shafa komai.

Na biyu shi ne jiki ya ƙi maganin nan take: borin jini, zafin fuska, ciwon baya, ƙirji ya ƙulle, numfashi ya yi wuya. Fakilitaksel, wanda asalinsa daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka samo shi, ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da wani sinadari da ake yi daga man zurma, kuma ana ganin wannan haɗin ne ke tayar da borin. Yakan zo cikin mintunan farko na zagaye na ɗaya ko na biyu, shi ya sa ake ba da allurai kafin a fara. Kabofilatin kuwa sai jiki ya saba da shi yake juya baya, galibi wajen karo na takwas, ga matan da ciwonsu ya dawo. Ƙaiƙayin tafin hannu ana cikin ƙarin ruwa shi ne sallamarsa. A yi magana nan take.

Na uku shi ne ya fi kisa. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna sauka ƙasa sosai. A wannan lokaci ɗan ƙurji, ko faso, ko miki a baki yana iya watsa cuta cikin jini cikin sa'o'i, kuma ba lallai ya yi mugunya ba, tunda ƙwayoyin da ke yin mugunyar ne suka ragu. Kowane gida mai jinyar kemo ya mallaki ma'aunin zafin jiki. In ya nuna digiri 38 ko fiye, ko tana rawar sanyi, a tafi asibiti a daren, da takardar magunguna a hannu. Kada a ce maleriya ce a tsaya kemis. Kada a sha farasitamol kafin a auna, don yana ɓoye zazzaɓi. Mai shan metotireksat kuma ta guji Septrin da Fansidar da magungunan ciwon jiki irin ibufurofen sai da izinin likitanta, domin suna ninka gubarsa.

Sauran alamun da ke sa a tafi ba jinkiri: ƙananan ɗige-ɗigen jini a ƙafa ko cikin baki, ko jirwayen jini ba tare da buguwa ba, alamar ƙwayoyin tsayar da jini sun ragu; ƙuraje masu ruwa da zafi a jere, gefe ɗaya na jiki, waɗanda ƙwayar ƙarambau ce ta farka, kuma maganinsu ya fi aiki in an fara cikin kwana uku; fata tana saluɓewa tare da miki a baki, ido ko gaba; ido ya yi ɗorawa da ƙaiƙayin duk jiki; ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwo.

Kwalliya da al'ada

Biki ba ya tsayawa don wata tana jinya, kuma marar lafiyar ma tana son ta ji ta mace. Sai dai dilka da halawa suna ɗaye saman fatar da ta riga ta yi siriri. Turaren tsuguno zafi ne da hayaƙi a daidai inda na'ura ta gasa. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar masu lafiya ma. Jan lalle na gargajiya ya fi sauƙi, amma ƙunshi yana nufin a naɗe ƙafa cikin leda sa'o'i tana gumi, abin da tafin mai shan Caelyx ba ya so, kuma launin yana rufe tafi da farcen da likita ke son gani. A bari sai an gama. Sabon ɗankwali, turare a jikin tufa maimakon fata, waɗannan ba su da laifi.

Ƙaho, tsaga da sakiya kuwa babu sassauci a kansu. Jinin da ba ya saurin tsayawa da jikin da ba shi da isassun sojoji ba za su ɗauki yanka ba. Haka shafa dakakken ganye ko toka a kan miki. Game da tsarki, wadda aka naɗe wa hannu ko ƙafa ta tambayi malami. Addini ya yi sauƙin shafa a kan bandeji, da taimama idan ruwa zai cutar.

Aikin aji

1. Ku kasu gida biyu. Rukuni ɗaya ya kawo canje-canjen fata huɗu da za a kula da su a gida, ɗayan ya kawo huɗu da ke sa a tafi asibiti nan take, kowanne da dalilinsa.
2. Wata mata ta sha kemo ranar 3 ga wata. Waɗanne ranaku ne ya kamata a fi sa ido a kan zazzaɓi? In zagayenta na mako uku ne, yaushe za ta koma?
3. Ku sake karanta hirar, amma a wannan karo mai jinya ce ta lura da hannun. Me za ta ce wa ma'aikaciyar?
4. Surukar maƙwabciyarki ta ce a daina kai ta asibiti tunda gashinta ya zube, tafinta ya yi baƙi. Rubuta jimla biyar da za ki faɗa mata cikin ladabi.
5. Ku lissafa ayyukan gida na wuni ɗaya, ku ja layi a ƙarƙashin masu zafi ko goga, sannan ku raba su ga mutanen gidan na tsawon mako guda.